Yadda Nahuwa Suka Raɗa Mini Suna Toka

Da sunan wanda ya shimfiɗa teku bai yi mata gada ba, ya rarraba harsuna bai ba kowa duka ba, nake buɗe bakina. Ni ne Nomau ɗan Barmo, ma'aunin hatsi a garin Rafin Ɗinya. Na taka ƙasashe goma sha ɗaya, na sha ruwan kogunan da ban san sunansu ba, kuma ban yi wannan wahala don zinariya ko sarauta ba. Saboda matata Tabawa na yi ta, ba na kuwa jin kunyar faɗa.

Ga yadda abin ya faro. Shekara uku a jere fara ta sauka mana, ta cinye gero, ta cinye dawa da wake, dabbobi suka ƙare. Ni ne na nausa kudu da jakina na dawo da irin masara, na raba wa manoma, don ita tana nuna kafin fara ta iso. Rumbuna suka cika. Muka shiga cin masara safe da rana da yamma, tuwo masara, kunu masara, ba nono, ba nama. A lokacin in na bi ta kasuwa har kirari ake yi mini, ni kuma ina wani jan gemu kamar ni na halicce ta.

A shekara ta biyu ciwo ya shigo gari. Fatar mutum ta yi baƙi ta tsattsage a wuya da bayan hannu, duk inda rana ke taɓawa, ciki ya ƙi tsayawa, daga nan sai hankali ya fara tafiya. Masu yi mini kirari suka koma nuna ni da baki. Wannan bai dame ni ba sai da ciwon ya shigo gidana.

Tabawa gajeruwa ce, bakinta ya fi ta tsawo. Shekara ashirin da shida muna tare, kullum cikin tsiya da dariya, kuma ba ta taɓa kama sunana ba, Mai Mudu take ce mini. Ran nan ina zaune da baƙi a zaure sai ta fito ba mayafi, ta ce, "Nomau, ina ka kai Inna?" Innar tata kuwa ta shekara ashirin a ƙasa. Ranar na san tsoro.

Da hankalinta ya ɗan dawo bayan kwana biyu, ta dube ni ta ce, "Mai Mudu, kai ka kawo baƙuwar nan gidanmu. Ko akuya za ka saya ai kana tambayar halinta. Ka taɓa zuwa gidan su masara ka tambayi iyayenta?"

Wasa take yi mini, amma maganar ta zauna. Na danƙa ta a hannun ƙanwarta Hansai, na cika jakar fata da tsabar masara, na bi ayari. Abu ɗaya na sa a gaba: in samo maganin in dawo kafin Tabawa ta manta fuskata gaba ɗaya.

Ina zan nufa? Ai sunan ya faɗa, masara daga Masar take, ko yaro ya san wannan. Wata huɗu muna keta rairayi kafin na isa. Na sami wani dattijo ma'auni irina, na buɗe jaka na ce masa na kawo 'yarsu gida. Ya duba ya yi dariya ya ce, "Ba tamu ba ce, mu dawar Sham muke ce mata." Na ɗaure kaya na tafi Sham. Mutanen Sham suka ce su ma ganinta suka yi, in gwada Turkawa. Na isa birnin Turkawa ƙafafuna sun kumbura, na nuna wa wani mai sayar da hatsi, na tambayi sunanta. Ya ce, "Misir." Wato Masar. Na zaga duniya na dawo inda na taso, kamar jakin da aka ɗaure a turke.

Na je bakin teku na zauna ina kukan zuci. Can sai na ji wata murya mai kaushi tana cewa, "Tomatl! Tomatl!" Na waiga, sai ga wani aku kore mai ido ɗaya a kafaɗar wani matuƙin jirgi, yana miƙa wuya wajen kwandon tumatir. Na miƙe zumbur na ce, "Malam, wa ya koya wa tsuntsun nan Hausa, ya koya masa a karkace?"

Matuƙin ya ce, "Ba Hausa yake yi ba, yaren garinsu yake yi. Daga bayan tekun yamma aka kawo shi, daga inda tumatir da barkono da wannan abin da ke jakarka suka fito."

Ashe tumatir ta riƙe sunan ubanta duk inda ta je, masara ce ta yar da nata a hanya. Na roƙi matuƙin ya ba ni akun. Ya ba ni da murna, don akun ya riga ya gutsure masa rabin kunne.

Na shiga jirgin da ya nufi yamma. Kwana arba'in ba mu ga ƙasa ba, a na arba'in da ɗaya guguwa ta raba jirgin biyu. Na farka a bakin wani tsibiri, jakata a wuya, akun yana tsaye a kaina yana zagin teku. Mutanen tsibirin kunnuwansu kamar faifai suke, suna shimfiɗa ɗaya su kwanta, su lulluɓa da ɗaya. Saboda ƙarfin jinsu, raɗa kawai suke yi, wanda ya yi atishawa a gaban sarki sai an kore shi daga gari. To ku dubi irin baƙon da na zo musu da shi. Kafin mu yi taku goma akun ya kwarma ihu, mutum bakwai suka faɗi. Aka kama mu, sarki ya yanke hukunci da yatsa: a binne mu a rairayi da tsakar rana.

Na nuna cikina, na nuna jakata, alamar a bar ni in ci abincin ƙarshe. Suka yarda, don ba mugaye ba ne, kunne ne ya dame su. Na sa aka ɗora kasko a wuta, na zuba rairayi, da ya yi zafi na juye masara tafi uku na koma gefe. Aka yi shiru. Sai ɗaya ta ce fat! Sai goma, sai ɗari. Gugguru ya shiga tsalle yana faɗa wa fadawa a ka. Kowa ya naɗe kunnuwansa ya kife a ƙasa, sarki ma ya shige ƙarƙashin nasa. Na bi ta tsakaninsu a guje na faɗa wani kwalekwale. Akun ya tashi sama ya miƙe yamma ba ya ko waiwaye, na bi shi da tuƙi, har kwana tara.

Da muka sauka na yi ta hawan tudu har na iso wata ƙasa da ke tsakanin duwatsu. Akwai wani dutse mai farin kai da ke fitar da hayaƙi dare da rana, a gindinsa ga tafki, a kan tafkin kuma gonaki ne shimfiɗe, ana bi tsakaninsu da kwalekwale. Masara kuwa ga ta nan iri-iri, fara da ja da shuɗiya da mai zanen zabuwa. Mutanen suna cin ta sau uku a rana kamar mu, amma fatarsu sumul, tsofaffinsu da hankalinsu. Sunansu Nahuwa, harshensu Nawatl. Na tabbata na iso gidan su masara, sai ƙafafuna suka ce sun gama aikinsu, na zube a ƙofar wani gida.

Da na farfaɗo na ga wata tsohuwa mai furfura a kitse gida biyu tana ɗiga mini ruwa a baki. Ta nuna ƙirjinta ta ce, "Miyawatl." Ni da na kwana biyu ban ci ba, miya kawai na ji, na gyaɗa kai da sauri. Ashe sunanta ne, ma'anarsa furen masara. Sai ta nuna ni ta ce, "Tlen motoka?"

Na kasa kunne. Ta sake faɗa. Duk cikin maganar kalma ɗaya na gane, toka. Na ce a raina, baiwar Allah ta cece ni, toka kawai ta nema, in hana ta? Na rarrafa zuwa inda aka kashe wuta a tsakar gida, na ɗebo toka hannu biyu, na durƙusa na miƙa mata da ladabi. Ta dubi tokar, ta dube ni, ta kira mijinta Kiyawitl, wani dogon tsoho marar haƙora, ta nuna ni ta ce, "Neshtli." Suka yi dariya har tsohon ya zauna a ƙasa.

Sai da na yi wata biyu na gane abin da ya faru. Sunana ta tambaya, don a harshensu motoka na nufin sunanka, neshtli kuma toka. Da hannuna na raɗa wa kaina suna Toka, ba rago, ba wanzami. Na yi ta cewa ni Nomau ne, amma ina, suna ya riga ya bi gari.

Na so harshen nan, ko da yake ya wahalar da ni. Akwai wani sauti a ƙarshen kalmominsu da ake matse harshe a dasashi a saki iska ta gefe. Duk sanda na gwada sai na fesa wa na gabana yawu, har Kiyawitl ya koma tsayawa a bayana in zai koya mini. Suna da wani ɗan wutsiya, tsin, da suke liƙa wa sunan duk abin da suke girmamawa ko ƙauna. Uwa nantli ce, amma ni Nonantsin nake ce wa tsohuwar, wato uwata abar girmamawa, ita kuma ta ce mini nokonew, ɗana, alhali gemuna ya fara fari. Ruwa ma suna sa masa tsin, masara ma haka. Ba a taka ƙwayar masara a ƙasar nan, in ta faɗi sai a tsince ta a ba ta haƙuri. Kuma suna son haɗa abu biyu su kira na uku: gari shi ne ruwa da dutse, mutum kuma fuska da zuciya. Ranar da Kiyawitl ya fara ce mini Neshtsin na ji daɗi ƙwarai, ko da yake fassararsa Malam Toka ce.

Da bakina ya buɗe na shiga neman abin da ya kawo ni. Na je wurin mai maganinsu na kwatanta masa ciwon. Ya saurara da kyau ya ce bai taɓa ganinsa ba, ba su ma da sunansa. Na bi maza gona na ga yadda suke shuka masara da wake da kabewa a rami ɗaya. Na ɗanɗana ƙasarsu, na shinshina ruwansu, na haddace waƙoƙin shukarsu. Na hau dutsen hayaƙi har rabi ko zan ga wani ganye. Ban ga komai ba.

Abu ɗaya ne ke katse mini bincike. Kullum da la'asar sai in ji tsohuwa ta ƙwala kira daga madafa, "Neshtli!" Duk inda nake sai in yar da abin da ke hannuna in sheƙo. In na iso sai in tsaya a bakin ƙofa in juya baya, don ni ɗan mutunci ne, a garinmu namiji ba ya kutsa kai madafa. Sai in ji mata suna ƙyalƙyala dariya a ciki, can a miƙo mini tlashkalli mai zafi, wata gurasar masara mai fele-fele, in karɓa in ce tlasokamati, wato na gode, in koma. Na ɗauka tsohuwa ce kawai ke ji da ni. Haka muka yi wata bakwai.

Ran nan na ƙirga, na ga na shekara biyu rabona da gida. Na ce, Nomau, ka zo ka ga gidan su masara, ba su da magani, koma ka riƙe hannun matarka ko da ba ta san na wa ba ne. Na ɗaure jakata. Da la'asar ta yi aka ƙwala kiran, na tashi, baƙin ciki ya mantar da ni mutuncin nawa, na ɗaga labule na shiga don in yi sallama.

Ba wanda ya dube ni. Surukar tsohuwa ce ke miƙa mata ƙwarya cike da tankaɗaɗɗiyar toka. Tsohuwa ta karɓa ta juye a tukunyar ruwa, ta ɗebo tsabar masara ta hura mata numfashi, ta zuba a ciki. Na yi tsalle na riƙe hannunta.

Na ce, "Nonantsin, kina ɓata abinci!"

Ta ƙwala mini ludayi a goshi. Ta ce, "Sake ni, nokonew! Wa ya kira ka?"

"Ke kika kira ni. Kullum ke kike kirana."

Matan suka fashe da dariya, surukar har da riƙe ciki. Tsohuwa ta ce, "Toka nake cewa a kawo mini, ta murhu. Kai ne kake zuwa a guje, mu kuma muka ga abin ya yi kyau, muka ƙyale ka."

Na ce, "To me toka take yi a cikin masara?"

Ta dube ni kamar na tambaye ta me ruwa yake yi a rijiya. Ta jawo wata tukunya ta jiya, ta ɗebo masarar da ta kumbura ta yi laushi, ta sa mini a tafi. Ta ce, "Mene ne sunan wannan? Kana ci kullum."

Na ce, "Neshtamalli."

"Faɗa a hankali."

"Nesh... tamalli."

Na tsaya. Tamalli ƙulli ne, na san wannan. Rabin farko kuwa sunana ne. Wata bakwai ina furta kalmar, ina cin abin, ana kirana da rabinta, ban taɓa raba ta biyu ba. Rashin sani, kaza ta kwana a kan dami.

Tsohuwa ta ce, "Ku a garinku me kuke ce wa masarar da ta kwana a ruwan toka?"

Na ce, "Ba mu da ita. Surfawa muke yi, mu niƙa, mu tuƙa."

"Ba toka? Ba tokar farin dutse?"

"Babu."

"Wake fa?"

"Fara ta cinye."

Dariya ta ɗauke a madafar. Tsohuwa ta zauna a kan tabarma, sai na ga hawaye na bin kuncinta. Ta ce, "Wayyo 'ya'yana. Kun ɗauke ta kun bar sunanta a nan. Masara rowa gare ta, nokonew, tana cika ciki ta riƙe ƙarfinta a dunƙule. Toka ce ke buɗe mata hannu. Ka yi ta yawo wurin maza kana tambaya, me ya hana ka tambaye ni?"

Sai na durƙusa ina kuka, ita kuma tana shafa mini goshin da ya kumbura.

Kwana takwas ta tsare ni a madafa. Ta koya mini yawan tokar da ake sawa, da yadda ake tafasawa har ɓawon ya fara saɓulewa, a sauke a bar ta ta kwana, da safe a wanke ta ruwa uku, a niƙa ta da danshinta. Ta ce kada a raba ta da wake ko da tafi ɗaya ne. Na tambaye ta dalilin hura numfashin, ta ce don kada masara ta ji tsoron wuta. Na durƙusa a gaban dutsen niƙa har gwiwoyina suka yi kanta, Kiyawitl yana leƙowa yana kiran maƙwabta su zo kallo.

Ranar tafiya akun ya hau bishiyar ƙofar gida ya ƙi saukowa, ban kuwa ga laifinsa ba. Tsohuwa ta raka ni har bakin tafki. Ta riƙe fuskata da hannu biyu ta ce, "Ka gaya wa Tabawatsin, mijinta ba shi da saurin ganewa, amma in an kira shi da gudu yake zuwa. Irin wannan ba a yar da shi."

Ba zan gajiyar da ku da labarin dawowa ba, teku dai ba ta canza hali ba. Na iso Rafin Ɗinya da hantsi. Hansai ce ta tare ni a zaure, ta ce, "Yaya, tana nan da rai, amma ka daure." Na shiga na same ta a inuwar rumbu, ta zama ƙashi da fata, hannayenta baƙi ƙirin. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce wa Hansai, "A ba baƙo ruwa."

Ban tsaya shan ruwan ba. Na shiga madafa na kwashe tokar murhu na tankaɗe. Kafin azahar labari ya zaga gari cewa Nomau ya shekara uku a duniya ya dawo da toka, kuma ya zama ɗan daudu. Na bar su da bakinsu. Na aika aka nemo wake har garuruwa uku. Kullum in dafa, in wanke, in niƙa, in ba ta a baki, rabi ta haɗiye rabi ta tofa mini. Bayan sati biyu cikinta ya tsaya. Bayan wata fatar wuyanta ta fara sabuntawa, matan da suka yi mini dariya suka fara shigowa da ƙwarya suna tambaya a kaikaice. Amma ni har yanzu baƙo ne a wurinta, kullum sai ta yi mini godiya irin wadda ake yi wa bare, wannan godiya kuwa ta fi zagi ciwo.

Ranar kwana na hamsin da uku, da safe, ina durƙushe ina niƙa, gumi na ɗiga, sai inuwa ta rufe dutsen. Na ɗaga kai. Tabawa ce tsaye, dafe da bango, ta yamutsa fuska tana kallon hannuna.

Ta ce, "Wa ya koya maka niƙa?"

Na ce, "Wata tsohuwa, a bayan teku."

"To ba ta gama ba. Dubi yadda kake zubar da rabi a ƙasa. Matsa, kafin ka cinye mini dutse."

Na matsa. Ta durƙusa da ƙyar ta kama ɗan dutsen, ta tura sau biyu, sannan ta tsaya ta juyo ta ƙare mini kallo, tun daga furfurar da ba ta san ni da ita ba har zuwa kantar gwiwa.

Ta ce, "Ka rame. Duk inda ka je ɗin nan, ba su ba ka abinci ba ne?"

Iyakar abin da na gani ke nan. Wanda bai yarda ba, ga hanya nan, tekun ba ta ƙafe ba.